Gargaɗi Ga Iyayen Birnin Kudu Da Gwaram: Ku Duba Kayan Da Yaranku Ke Kwana Da Su

Iyayena mata, iyayena maza, malaman tsangaya da na Islamiyya, teloli da masu kasa gwanjo, daga Babaldu da Kangire da Sundimina har Sara da Basirka da Farin Dutse: wannan magana ta gaggawa ce, kuma ta daren yau ce.

Sanyi ya sauka. Da an idar da sallar isha'i za a zuba garwashi a kasko a shigar ɗaki. Da asuba yara za su kewaye murhu, kowa ya miƙa hannu yana jin ɗumi kafin koko ya dahu. A daidai waɗannan makonni ne kuma uwa ke jibga wa ɗanta duk abin da ta samu mai kauri: suwaita a kan doguwar riga, hula, safa, 'yan mata kuma a ɗora musu hijabi har ƙasa. Wutar don tausayin yaron aka hura ta, kayan ma don tausayinsa aka saya. Amma idan suka haɗu, abin da ke tsakanin yaro lafiyayye da yaron da za a ɗauka a guje zuwa asibiti bai kai minti ɗaya ba. Roƙona shi ne, kafin ku kwanta yau, ku fito da kayan da yaranku ke kwana da su, ku dube su ɗaya bayan ɗaya da idon wanda ya san akwai wuta a gidan.

Na san a yawancin gidajenmu babu wani abu wai shi rigar barci ta daban. Yaro da abin da ya yini yake kwana, ko a ware masa tsohuwar rigar yayansa da ta yi masa yawa, tunda ba unguwa zai je da ita ba. To wannan rigar da ta yi yawa ita ce ta fi haɗari. Wuta da iska take rayuwa. Riga mai faɗi, mai jan ƙasa, mai buɗaɗɗen hannu, iska na ratsa ta ciki da waje. Bakinta zai taɓa garwashi yaron bai ji komai ba, domin yadin bai manne da jikinsa ba. Kafin zafi ya isa gare shi, harshen wutar ya riga ya kama hanyar sama ta cikin rigar, ya nufi ƙirji da wuya da fuska. Sai ya firgita ya ruga yana kiran uwarsa, gudun kuma fifita wutar yake yi. Ga shi fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba. Zafin da zai tayar wa babba bororo kawai, shi yaro har naman jikinsa zai ci.

'Yan mata sun fi shiga wannan haɗari, kuma dalilin a fili yake. Su ne masu doguwar riga da hijabi, su ne kuma ake aika gindin murhu: je ki iza wuta, je ki sauke tukunya, je ki ɗebo garwashi a maƙwabta. Yarinya 'yar shekara 7 ta sunkuya za ta hura wuta, hijabinta na lilo a gabanta, tsakaninsa da bakin murhu bai fi taƙi ɗaya ba. Kullum ana yi ana wucewa lafiya, shi ya sa idonmu ya saba har ba ma ganin abin tsoro a ciki.

Sannan yadi suna ya tara. Auduga marar nauyi, irin ta tsohon zani ko shimi, saurin kamawa gare ta, ta ci balbal ta zama toka. Yadin da aka tayar wa gashi-gashi don ya yi laushi da ɗumi, wuta kan bi ta saman gashin nan ta zagaye riga kafin ka ce kwabo. Yadin roba, wato foliyesta da nailan, wanda da shi ake ɗinka mafi yawan hijaban yara, ba ya saurin kamawa kamar auduga, amma narkewa yake yi, ya ɗiga, ya manne a fata yana ci gaba da ƙuna ko bayan an kashe wutar. Idan kuwa aka gauraya auduga da roba a yadi ɗaya, an haɗa sharri biyu: audugar ta riƙe wutar, robar ta narke a kanta. Suwaitar nan mai laushi da muke kira ta ulu, da zaren da ake saƙa wa jarirai hula da safa, mafi yawansu ba gashin tumaki ba ne. Zaren roba ne da ake kira akirilik, wanda idan ya kama yake ci da ƙarfi da baƙin hayaƙi. Ulu na gaskiya shi ne mai wuyar kamawa, yakan ma mutu da kansa, sai dai samunsa a kasuwar ƙauye ba ƙaramin aiki ba ne. Su kuwa rigunan kwalliya masu raga-raga da ake saya wa 'yan mata da Sallah, waɗanda idan sun kwana biyu ake mayar da su na zaman gida da na kwana, kada su kusanci wuta ko kaɗan.

Ƙasashen da suka kafa doka a kan wannan, mutuwar yara ce ta tilasta musu. A Ingila a shekarar 1908 doka ta ɗora laifi a kan babban da ya bar yaro ɗan ƙasa da shekara 7 a ɗaki mai buɗaɗɗiyar wuta babu kariya har yaron ya ƙone. A 1985 suka fitar da dokar kayan barci, wadda ta sa ake manna wa wasu riguna tambari da jan rubutu mai cewa KEEP AWAY FROM FIRE, wato a nisantar da shi daga wuta. Ku riƙe wannan rubutu, domin za ku gan shi a wuyan kayan gwanjo da yawa. Amurka ta yi dokar yadi mai saurin kama wuta a 1953, sannan a farkon shekarun 1970 ta ware wa kayan barcin yara nasu ma'auni mai tsauri. Gwajin ba wani mai wuyar fahimta ba ne: a yanki ƙyalle mai tsawon inci 10, a rataye shi a tsaye, a kara masa ƙaramin harshen wutar gas na daƙiƙa 3, a janye. Idan matsakaicin tsawon ƙunar ya wuce inci 7, yadin ya faɗi, ba za a sayar da shi a matsayin kayan barcin yara ba. A 1996 suka yi sassauci ga kayan jarirai 'yan wata 9 zuwa ƙasa, da kuma kayan da aka ɗinka daidai jiki, masu kama hannu da ƙafa. Ku lura da wannan na biyun. Su da kansu, da ɗakunan gwajinsu, sun yarda cewa rigar da ta kama jiki ta fi wadda ke lilo aminci, kuma wannan abu ne da telan unguwa zai iya yi da almakashi da keke.

Idan aka gano wani kaya ya karya wannan ma'auni, hukumar Amurka ta kare masu saye, CPSC, wadda aka kafa a 1972, sai ta sanar da janye shi daga kasuwa. Kusan babu shekarar da za ta wuce ba a yi irin wannan sanarwa a kan kayan barcin yara ba, musamman masu araha da ake saye ta intanet. A 2024 ta sanar da janye fiye da 45,000 na riga da wandon barcin yara da aka sayar ta manhajar Temu. Abin da akan ce wa iyaye shi ne su cire wa yaro kayan nan take, su yayyanka da almakashi don kada wani ya sake sawa, su aika hoto a mayar musu da kuɗinsu.

To mu wa zai sanar da mu? Wa zai kira uwar da ke Kila ko Kantoga ya ce rigar da ta saya ranar kasuwa an hana sayar da irinta a inda aka yi ta? Mun san janye kaya a harkar magani. Mun ga abin da ya faru a 2008 da maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda ya hallaka yara aƙalla 84 kafin a gama kwashe shi. Mun ga NAFDAC ta janye wani rukuni na maganin tarin yara na Benylin a watan Afrilun 2024. Amma kwalbar magani tana da lamba, tana da kamfani, tana da kantin da za a bi a ƙwace. Rigar gwanjo ba ta da ko ɗaya. Shigo da gwanjo ma yana cikin jerin abubuwan da kwastan suka haramta, don haka ta bayan gida yake shigowa, abin da ya shigo ta bayan gida kuwa babu mai auna shi. A farke dila a Kofar Wambai, ƙananan 'yan kasuwa su tsinta, su ɗauko zuwa Sara ko Babaldu su baza a tabarma. Tambarin wuyan rigar ko ya koɗe ko an yanke shi. Iyalin da suka ba da ita kyauta a can ƙasar waje, babu mai iya cewa sun ji sanarwar janyewa ko ba su ji ba.

Kuma tarihi ya nuna cewa abin da aka ƙi a can yakan nemi kasuwa a wani wuri. A 1977 Amurka ta haramta wani sinadari mai suna Tris da ake sa wa kayan barcin yara don hana su kama wuta, bayan bincike ya nuna yana iya jawo cutar daji. Kamfanonin da kayan suka maƙale a hannunsu sai suka yi ta tura su ƙasashen waje, miliyoyin riguna, har sai da aka hana fitar da su a 1978. Ina kawo wannan ne don abu biyu. Na farko, kada kalmar "kayan Turai ne" ta kwantar wa kowa hankali. Na biyu, kada wani ya zo muku da ruwa a kwalba ya ce a jiƙa kayan yara a ciki wuta ba za ta kama ba. Waɗanda suka fi mu kayan aiki sun bi wannan hanya sun ji jiki.

Ba cewa nake a daina sayen gwanjo ba. Shi ne rufin asirin talaka a wannan tsadar, kuma sababbin kayan kanti masu araha ba su fi shi aminci ba, wani lokaci ma sun fi shi muni. Abin da nake cewa, aikin da hukuma ke yi wa iyaye a can, mu nan a kanmu ya faɗo, kuma za mu iya.

Ga yadda magidanci zai gwada. A yanki ɗan siririn ƙyalle daga cikin kalmasar rigar. A fita tsakar gida, nesa da zana da harawa, a kore yara, a ajiye bokitin ruwa a gefe. A riƙe ƙyallen da filaya ko dogon ƙarfe, ba da yatsu ba, a kara masa ashana kamar ƙirga uku, a janye. Wanda ya tashi da gudu yana warin takarda ya bar toka, auduga ce ko danginta. Wanda ya tattare ya narke ya zama baƙin dunƙule mai tauri, roba ce. Wanda ya ci da baƙin hayaƙi yana ɗiga, shi ne mafi sharri. Wanda ya yi ƙaurin gashi ya mutu da kansa, ulu ne na gaske. Duk rigar da ƙyallenta ya cinye kafin ka sauke hannu, ko ya yi ta ɗigar wuta, ta fita daga kayan sanyin yaro. Kada a bayar da ita sadaka ga almajiri, wanda shi ne ma ya fi ɗanka kwana kusa da wuta. A yanka ta a yi tsumma. Kuma wanda ya ci gwajin ma ba a ce wuta ba ta cin sa ba. Babu yadin da muke sawa da wuta ba ta ci.

Abin da ya kamata yaro ya kwana da shi: riga da wando daidai jikinsa, masu tsukakken hannu da ƙafa, na yadi mai nauyi da matsattsiyar saƙa. Idan sanyi ya tsananta a ƙara wata a kai, ita ma daidai jiki, sauran ɗumin kuma bargo ya kawo shi a kan shimfiɗa. Rigar yaya da ta yi yawa a kai wa tela ya rage tsawo ya tsuke hannu. Kuɗin bai kai na kwanon masara ba. Teloli, ku ma ku riƙa faɗa wa iyaye idan sun ce a saki riga don yaro ya girma da ita. Ga 'yan mata, a kafa doka ɗaya a gida wadda ba ta da sassauci: babu hijabi, babu mayafi a gindin murhu. A cire a rataye, a ɗaure kallabi tam, a gama aiki, a mayar. Cikin gida ne, tsakanin uwa da 'yarta, babu abin da ya taɓa sutura ko tarbiyya.

Yanzu wutar kanta. Kaskon garwashi a ɗumama ɗaki da shi babba na zaune, sannan a fitar da shi waje a kashe kafin kowa ya kwanta. Haɗarinsa biyu ne. Akwai na bargo ko gefen katifa ya faɗa ciki, katifar soso kuwa idan ta kama hayaƙinta kaɗai ya isa ya kashe mutum kafin wutar ta iso. Akwai kuma wanda ba a gani: garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar launi marar wari. Tana farawa da ciwon kai, jiri, amai da mutuwar jiki, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji ko ɗaya. Idan aka wayi gari mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai da amai, kafin a zargi tuwon jiya ko a ce iska ce, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da su fili, a kai su asibiti. Haka hayaƙin janareto yake, kada a kunna shi a zaure ko a bakin taga.

Kaskon turaren wuta ƙarami ne, shi ya sa ake mantawa da shi a ƙasa, a daidai inda mai rarrafe ke bi. Kayan da aka ɗora a kan kabbasa kada a fita a bar su. Maganin sauro mai hayaƙi a ɗora shi a faranti na ƙarfe, nesa da shimfiɗa. Gidan sauro da zaren roba ake yin sa, kada a shiga da kyandir ko aci-balbal cikinsa, kada a ajiye fitila a gindinsa. Idan ya kama, narkewa zai yi ya zubo a kan wanda ke kwance. Fitila mai caji ko ta sola ta wadata yanzu a kowace kasuwa, kuma duk gidan da ya sauya kyandir da ita ya rufe babbar ƙofa. Kada a zuba kananzir a fitila ko risho yana ci. Idan aka ɗauke wutar lantarki a bi a kashe hita da dutsen guga, domin ba a san lokacin da za a dawo da ita ba. Ɗakin mai jego, inda ake haɗa ruwan zafi da garwashi da jariri da yayyensa masu kai-kawo, ya fi kowane ɗaki bukatar ido. Yaro mai farfaɗiya kuma kada a bar shi shi kaɗai kusa da wuta ko da rana tsaka.

Fetur a gida, wallahi ku fitar da shi. Mu 'yan Jigawa ba ma bukatar a ba mu labari. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu, masu ƙuna suka cika asibitocin Ringim da Haɗeja har aka riƙa tura wasu nesa. Jarkar da ɗan bumburutu ko mai injin ban ruwa ke turawa ƙarƙashin gado, ruwa ɗaya ne da na tankar nan. Tururinsa nauyi gare shi, ƙasa yake bi, yana iya tarar da garwashi a ɗaya gefen ɗakin.

Sai maganar da ta fi ci min rai: kulle yara a ɗaki. Uwa za ta leƙa biki ko barka, ko ta shiga maƙwabta, sai ta sa kwaɗo don kada su fita. Tagar kuma an yi mata ƙarfe saboda ɓarayi. Bayan abin ya faru, maganar da ake ji kullum ɗaya ce: "Yanzun nan fa na fita." Gaskiya take faɗa, yanzun nan ta fita, ɗaki mai katifa da labule ba ya bukatar fiye da haka. Kada a kulle yaro a ɗaki, da wuta a ciki ko babu. Makullin ɗakin kwana ya kwana a jikin ƙofa ko a ƙusa ɗaya da kowa ya sani, wanda hannu zai lalubo cikin duhu.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya isa ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, sai ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta idan za a kwanta. An kuma ruwaito gargaɗinsa a kan ɓera da ke jan lagwanin fitila ya ƙona gida. Wanda ya bar kasko yana ci ya yi barci, umarni ya saɓa, ba tawakkali ya yi ba. Limamai, wannan huɗuba ce da ta dace da Juma'ar nan.

Malaman tsangaya, Allah ya gafarta Malam, amanar da ke hannunku ta fi ta kowa nauyi. A watan Fabrairun 2025 gobarar dare ta ci almajirai 17 a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara. A Nuwamban 2021 yara fiye da 20 suka ƙone a azuzuwan zana a Maraɗi, watanni kaɗan bayan wasu 20 sun ƙone haka a Yamai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wutar karatun dare a kashe ta da ruwa, ba a rufe da toka kawai ba. Kara da itace a tara su nesa da makwanci. Ɗakin da yara da yawa ke kwana ya zama yana da mafita biyu, kada a kulle ta waje, kuma gardi ɗaya ya kwana a bakin ƙofa.

Idan duk da haka riga ta kama a jikin yaro, abin da aka yi a daƙiƙun farko shi ne komai. Ku koya wa yara tun yau, ku sa su gwada a tsakar gida har ya zauna musu: kada ka gudu, tsaya, faɗi ƙasa, rufe fuska da tafin hannu, yi ta birgima. Babban da ke kusa ya kayar da yaron ƙasa ko da ƙarfi ne, domin a tsaye wutar fuska take nufa. Ya sheƙa masa ruwa idan yana kusa, ko ya lulluɓe shi da bargo mai nauyi ko buhun algarara, daga wajen wuya zuwa ƙasa. Kada a rufe shi da tabarmar roba, buhun leda ko hijabi, narkewa za su yi a kansa.

Da wutar ta mutu, sai ruwa. Ruwan randa, na rijiya ko na famfo, a yi ta kwarara a kan ƙunar da buta ko moɗa har minti 20 cif. A duba agogon waya, domin cikin ruɗewa minti 3 kan zama kamar 20. Ruwan yana zare zafin da ke ci gaba da cin nama a ƙasan fata, kuma yana da amfani ko da an yi jinkiri har zuwa awa 3. Ba ƙanƙara ba. Wurin ƙunar kawai ake sanyayawa, sauran jikin a rufe shi, domin ƙaramin yaro a hunturu sanyi na iya kama shi ya zama wata matsalar. A cire kaya da awarwaro da zobe da guru kafin kumburi, amma yadin da ya manne a fata kada a ja shi, a yanke kewayensa a bar wa likita. Kada a fasa bororo. A rufe da ledar naɗe abinci sabuwa ko wankakken zani marar gashi, ba audugar asibiti ba.

Kuma don Allah, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai, manja, gishiri, toka, ƙullun koko, gashin zomo ko kashin shanu. Na san tsofaffinmu da kyakkyawar niyya suke kawo su, kuma musa wa kaka a irin wannan lokaci akwai nauyi. Amma wasu daga cikin abubuwan nan riƙe zafi suke yi, wasu ƙwayoyin cuta suke shigarwa buɗaɗɗen ciwo, har da tetanus mai sandarar da jiki, kuma dole ma'aikacin asibiti ya kankare su kafin ya ga zurfin ƙunar, yaron na ihu. Yara da yawa ba wutar ce ke kashe su ba, ruɓewar ciwon ce bayan kwanaki.

Tafin hannun yaron da yatsunsa kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. Ƙunar da ta fi tafin hannunsa faɗi, asibiti. Ta fuska, wuya, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, asibiti. Wadda ta zagaye hannu ko ƙirji, wadda ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi, asibiti; rashin zafin alama ce ta ci jijiyoyi. Jariri, komai ƙanƙantarta, asibiti. Idan murya ta dushe, ko akwai baƙin hayaƙi a hanci da baki, a tafi nan take ko da fatar lafiya take, domin maƙogwaro na iya kumbura ya toshe numfashi. Ƙunar da ta kai tafi 10 tana tsotse ruwan jikin yaro, sai da ƙarin ruwa ta jijiya. A kan hanya, idan yana cikin hayyacinsa, a ci gaba da ba shi nono ko ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Birnin Kudu, ga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga na Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala ga wanda aka tura gaba. Mutanen ƙauyukan Gwaram masu nisa su fara da asibiti mafi kusa, a sa wa yaro ruwa, sannan a wuce. Kada a ce bari gari ya waye. Kuma ko ciwo ya warke a ci gaba da komawa, domin fatar ƙuna tana tsukewa, ta haɗe yatsu ko ta ja haɓa ta manne da ƙirji idan ba a kula ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu, kuma yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara 5 sun ninka tsaransu na duniya baki ɗaya fiye da sau 2 wajen mutuwa ta wannan hanya. Wannan ya isa ya sa hukumar ingancin kaya ta SON da ta kare masu saye ta FCCPC su waiwayi tufafin yara kamar yadda NAFDAC ke bin magani, su kuma riƙa fassara sanarwar janye kaya da Hausa a rediyo, ba a shafin intanet kaɗai ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su sa mai shela ya zagaya a makon nan, a kuma gayyato 'yan kwana-kwana su nuna wa ɗaliban firamare da Islamiyya yadda ake birgima da yadda ake rarrafe a ƙasan hayaƙi. Shugabannin kasuwar Sara da ta Babaldu su tara masu gwanjo a nuna musu jan tambarin nan, don su faɗa wa mai saye abin da yake nufi maimakon su yanke shi.

Kafin su motsa, kowace unguwa ta yi nata. A rubuta lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta ofishin kashe gobara mafi kusa a bangon masallaci. Harawa da kara da aka jibge bayan kaka a janye su daga jikin ɗakunan kwana. Kowane gida ya kwana da ruwa cike da bokiti da tulin yashi a wuri sananne. A kuma tsayar da mai mota ko mai babur ɗin da za a buga wa ƙofa da tsakar dare, a karɓi lambarsa, a sanar da matan gida, domin sau da yawa maigida ba ya nan lokacin da abin ke faruwa.